Noman Sitiroberi a Kebbi: Tambayoyin da Manoman Rani Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Tun da hotunan gonakin sitiroberi na jihar Filato suka fara yawo a wayoyin mutane, da wuya in shiga kasuwar Jega ko in fito daga masallacin Juma'a ban gamu da wanda zai tsayar da ni ya nuna mini waya ba, ya ce, "Malam, wannan jan abin zai yi a wurinmu?" Na daɗe ina hulɗa da manoman rani, kuma na gwada shi da hannuna hunturu biyu a 'yar garkar da ke bayan gidana. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mini, da abin da nake amsawa.

Wai mene ne beri ɗin nan da ake ta faɗa?

Suna ne da Turawa ke kiran ƙananan 'ya'yan itace masu laushi da ruwa, waɗanda ake jefawa baki gaba ɗaya ba sai an fere ba. Akwai sitiroberi mai ja, da buluberi mai shuɗi, da rasberi, da bilakberi, da kiranberi mai tsami. Sitiroberin da ake sayarwa yau a duniya bai daɗe ba. A yankin Biritani na ƙasar Faransa aka same shi wajen shekarun 1750, da aka haɗa wani iri na Arewacin Amurka da wani da wani Bafaranshe mai suna Frézier ya ɗauko daga ƙasar Chile a 1714. Yanzu Sin ce kan gaba wajen nomansa, sai Amurka, kuma a nahiyarmu Masar da Maroko suna fitar da shi zuwa Turai.

Ba itace ba ne. Ganye ne gajere da ke kwance a ƙasa, bai wuce taƙi ɗaya ba, yana fitar da farin fure, ɗansa kuma yana ɗauke da ƙwayoyinsa a bayan fata, ba a ciki ba.

Malam, da wannan zafi namu na Kebbi, anya zai yi?

Zai yi, amma cikin hunturu kawai. Wanda ya ce maka za ka noma shi duk shekara a Birnin Kebbi ko Argungu bai taɓa kwana a nan cikin watan Afrilu ba.

Sitiroberi yana jin daɗi ne idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 26, musamman idan dare yana da sanyi. Da zarar zafin rana ya zarce 30 ya zauna a can, fure zai ragu, 'ya'yan su ƙanƙance, su yi laushi tun ba su yi zaƙi ba. Abin da ya taimaki mutanen Chaha, kusa da Vom a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, shi ne tudu: ƙasarsu ta kai wajen mita 1,200 sama da teku, sanyinsu ya fi namu tsawo da ƙarfi. Mu kuwa a kwari muke, zafin bazararmu yana haura digiri 40.

Amma ni ba Jos nake kallo ba idan ina wannan magana. Wagadugu nake kallo, babban birnin Burkina Faso. Idan ka buɗe taswira za ka ga Wagadugu da Birnin Kebbi kusan a layi ɗaya suke, dukansu ɗan sama da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Iskar hunturun da ke fasa mana leɓe ita ce take fasa nasu, bazararsu ma ba wasa ba ce. Duk da haka tun shekarun 1970 manoman lambu a gefen birnin, musamman a unguwar Bulmiyugu, suke noman sitiroberi da ruwan madatsa da rijiyoyi, suna tsinka daga Janairu zuwa wajen Afrilu, har ana kai shi maƙwabtan ƙasashe. Ba su da tudun Jos, ba su da gidan gilashi. Sanyin dare na Disamba da Janairu suke ci da shi. Wannan sanyin muna da shi, wanda ke sa mai ban-ruwa a fadamar Argungu ya hura wuta kafin ya taɓa injin da asuba. Gajere ne, wata uku ko abin da ya ɗan fi, kuma duk noman a cikinsa yake.

To, wane wata ake dasawa?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma zafin kaka ya fara sauka. Shukar tana buƙatar makonni ta kama ƙasa ta yi ganye kafin ta yi fure, daga fure zuwa nuna kuma kusan kwana 30 ne. Idan ka dasa a kan lokaci, furen zai faɗo cikin tsakiyar sanyi, ka fara tsinka a Janairu. Idan ka bari sai ka gama sussukar shinkafa ka huta, ka dasa a ƙarshen Disamba, furenka zai ci karo da zafin ƙarshen Fabrairu. A shekarata ta farko abin da ya same ni ke nan. Ganye ya yi kore shar, maƙwabta suna leƙowa suna yabawa, amma 'ya'yan da na samu ba su fi girman magarya ba.

Ina ake samun iri? Na ga ana tallar ƙwayarsa a cikin 'yar leda a intanet.

Ka bar wannan ƙwayar inda ka gan ta. Manomin kasuwa ba ya shuka sitiroberi daga ƙwaya, domin yana da wuyar tsirowa, yana daɗewa, kuma abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. Shukar tana miƙa yaɗo a ƙasa kamar dankalin Hausa, a gaɓar yaɗon sai ƙaramar shuka ta fito ta kafa saiwa. Waɗannan 'ya'yan ake cira a dasa.

Wuri mafi kusa da ake samunsu shi ne wajen manoman Filato. Shawarata ita ce ka je da ƙafarka ko ka aiki wanda ya san ganye, ku ga gonar da za a ciro muku. Na taɓa tura kuɗi aka saka mini dashe a motar haya, aka cusa shi cikin buhun leda aka ɗaure baki, ya kwana biyu a hanya. Da na kwance, tururi ne ya fara fitowa, fiye da rabi sun dafe. Dashe yana son kwali mai huji, a naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhun algarara, a yi tafiyar dare.

Game da sunayen iri, Camarosa da Chandler da Selva duk daga Jami'ar Kalifoniya suka fito, Festival da Sweet Charlie kuma daga Fulorida, inda ake noma shi a lokacin sanyi kamar yadda za mu yi. Selva da Camarosa su ne aka fi sani a Wagadugu. Idan mai sayarwa bai san sunan irinsa ba, ka tambaye shi wata nawa yake tsinka da kuma yadda ɗan yake jure hanya, sannan ka sayi kaɗan.

Ina da fadama inda nake shinkafa. Zan iya ware masa gefe?

Idan laka ce mai riƙe ruwa, a'a. Abin da shinkafa ke so shi ne ajalin sitiroberi. Saiwarsa ba ta nisa, yawancinta a cikin taƙi ɗaya na sama take, kuma idan ta zauna cikin ruwa kwana biyu sai ta ruɓe. Nemi gefen fadama inda laka ta haɗu da jigawa, irin ƙasar da mutanen Aliero ke so don albasa, wadda idan ka dunƙula ta da danshi za ta kama, ka matsa kaɗan ta warware. Tana son ɗan tsami kaɗan, ma'aunin pH tsakanin 5.5 da 6.5. Malaman gona na KARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kebbi, ko sashen aikin gona na jami'ar da ke Aliero za su iya nuna maka inda ake auna ƙasa.

Abu biyu kuma. Kada ka sa shi inda ka cire tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta a bara, domin suna tarayya a cututtukan ƙasa masu sa shuka ta yi yaushi ta mutu. Sannan ba ya shiri da gishiri ko kanwa. Idan ruwan rijiyarka yana barin farin busasshen abu a bakin kunya, za ka ga gefen ganyen yana ƙonewa.

Yaya ake dasawar?

A nan ne mutane suka fi yin asara ba su sani ba, don haka bari in tsaya a kai.

Ka ɗaga kunya mai faɗi, tsayinta kamar taƙi ɗaya, faɗinta kamar mita ɗaya, ka cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya riga ya huce. Ɗanyen kashin kaji zai ƙona saiwar. A kan kowace kunya layi biyu, tsakanin shuka da shuka santimita 30. Kunya mai tsawon mita 10 za ta ɗauki wajen shuka 66.

Ka ɗauki dashen ka duba tsakanin saiwa da ganye. Akwai wani ɗan kututture gajere mai kauri, daga shi sabon ganye da fure suke fitowa. Shi ne ran shukar. Idan ka binne shi, zai ruɓe. Idan ka bar shi a sama saiwa tana leƙe, iskar hunturu za ta busar da ita cikin yini ɗaya. Dole ƙasa ta tsaya daidai tsakiyarsa, kamar yadda wuyan riga ke tsayawa a wuya. Ka miƙar da saiwar ƙasa, kada ta lanƙwashe, ka danna da yatsu biyu, ka ba shi ruwa nan take. Da la'asar sakaliya ake wannan aiki, ba da hantsi ba. Bayan an yi ban-ruwa na farko ka sake zagayawa, domin ruwa yakan zaizaye wasu ya binne wasu.

Idan ya kama, ka shimfiɗa busasshen karan shinkafa a kan kunyar, ka zagaye kowace shuka da shi. A nan Allah ya hutar da mu, domin abin da wasu ke saye da kuɗi mu ƙona shi muke yi a gona. Yana riƙe danshi, yana sanyaya ƙasa, yana hana ciyawa, kuma ɗan yana kwanciya a kansa ba a kan taɓo ba.

Ruwa da taki fa?

Kaɗan-kaɗan, kullum. Ba a yi masa ambaliya irin ta fangalin albasa. Mai hali ya sa siririn tiyo mai ɗiga a gindin shuka, marar hali ya yi amfani da bokitin ban-ruwa ya zuba a gindi da sassafe, ba a kan fure da 'ya'ya ba. Takin zamani kuma a yi hattara da yuriya. Idan ta yi yawa za ka samu ganye kamar alayyafo, 'ya'yan kuma su yi ruwa-ruwa marasa zaƙi. Daga lokacin fure, takin da ke da sinadarin fotash ya fi amfani.

Waɗanne ƙwari da cututtuka zan yi tsammani?

Babban abokin gabarka a hunturu wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye, yana son ƙura da bushewa, wato dai yanayinmu. Za ka ga ganyen yana yin ɗigo-ɗigon fari, daga baya ya yi kamar an watsa masa toka, da 'yar saƙa a ƙarƙashi. Ka riƙa juya ganye kana dubawa sau biyu a mako. Shingen zana ta gefen da iska ke bugowa yana rage ƙurar sosai. Sai furfurar da ke kama ɗan idan ya jiƙe ko ya ƙuje, ya yi gashi-gashi mai ruwan toka. Wanda ya kamu a cire shi a fitar daga gonar. Akwai kuma tsuntsaye, da ƙadangaru, da gara idan karan ya yi yawa.

Ina roƙon duk wanda zai yi feshi ya tuna cewa wannan ɗa ba a fere shi, ba a dafa shi, kuma yara ne suka fi cinsa. Ka sayi maganin da ke da lambar NAFDAC, ka karanta kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka, ka cika su. Kada ka yi feshi da safe lokacin da zuma ke kan fure. Ita ce ke sa ɗan ya cika ya yi siffa mai kyau; inda ba ta zo ba za ka ga ɗa a karkace, gefe ɗaya a tsuke.

Idan ya nuna, kwana nawa yake yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ita ake bari ƙarshe.

Mu mun saba da albasa, wadda za ka zuba a rumbu ka jira farashi ya tashi. Mun saba da tumatir da mangwaro, waɗanda ake tsinka da ɗanyensu su nuna a hanya. Sitiroberi ba ya yin ko ɗaya. Idan ka tsinke shi bai nuna ba, zai iya ƙara ɗan ja amma zaƙinsa ba zai ƙaru ba. Idan ka tsinke shi nunanne ka ajiye a inuwar rumfa a Birnin Kebbi, zuwa washegari ya fara zubar da ruwa. A cikin sanyin da ya kusa digiri 0 ne yake kai kwana 5 zuwa 7, kuma kowace sa'a da ya yi a zafi bayan tsinka tana rage masa kwana.

Saboda haka ana tsinka ne da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, kowane kwana biyu ko uku. Ba a kama jikin ɗan a ja. Ana sa farce a tsinke sandar, a bar masa koren hularsa da ɗan guntun sanda. Kai tsaye ake saka shi a 'yar robar da za a sayar da shi a ciki, kada ya wuce hawa biyu, domin na ƙasa zai fashe. Ba a wanke shi. Kwando irin na tumatir kuwa ko kusa. Daga nan sai kula mai ƙanƙara, a sa kwali tsakanin ƙanƙarar da robobin don kada ruwa ya taɓa su, sai firji. Wanda ba shi da firjin da ke aiki da sola, ko tabbacin wanda zai karɓa a ranar, ni ban ba shi shawarar ya wuce kunya biyar ba.

Wa zai saya a nan? Akwai riba kuwa?

Ba zan faɗa maka farashi ba, domin yana canzawa tsakanin farkon kaka da tsakiyarta, kuma na Abuja daban ne da na nan. Abin da zan ce shi ne ka nemi mai saye kafin ka nemi iri. Ka zagaya manyan kantuna da otal-otal na Birnin Kebbi da Sakkwato, da masu yin kek na biki, da masu yogot da haɗin 'ya'yan itace da ake markaɗawa. Ka tambaye su ko suna amfani da shi, daga ina yake zuwa musu, a wane hali yake isowa, roba nawa za su karɓa a mako. Abin da ke hannunka wanda ɗan Jos ba shi da shi shi ne kusanci: naka an tsinke shi da safe ya isa kanti kafin azahar, nasa ya sha doguwar hanya. Amma idan ka ce za ka bi ta Yawuri da Kontagora ka kai Abuja ka yi gogayya da su a can, kai ne za ka zama mai doguwar hanyar.

Lissafin kuwa ka yi shi a kan kuɗin dashe da jigilarsa, da man inji, da robobi, da ƙanƙara, da ladan masu tsinka, sannan ka cire wani kaso na abin da zai lalace, don dole wani ya lalace. Waɗanda suka ƙuje ko suka ƙanƙance ba a zubar da su. Matan gida za su iya dafa su da sukari da lemon tsami su yi jam, ko a daskarar da su a sayar wa masu markaɗe. Shekarar farko ta koyo ce. Kada ka sayar da shanun huɗa, kada ka taɓa kuɗin takin shinkafa.

Buluberi da rasberi fa? An ce sun fi tsada.

Sun fi, amma ba namu ba ne. Buluberi yana son ƙasa mai tsami ƙwarai, pH 4.5 zuwa 5.5, yana shekara biyu zuwa uku kafin ya ba da abin kirki, wato sai ya ratsa bazararmu sau da yawa. Rasberi ya fi shi ƙin zafi. Wanda ke jure zafi a danginsu shi ne malberi, wanda Larabawa ke kira tut. Itace ne, ana dasa reshensa ya kama, ya dace da tsakar gida don yara, sai dai ɗansa ya fi sitiroberi saurin narkewa.

Ranka ya daɗe, me ke cikinsa na amfanin jiki da ake ta yayatawa?

A giram 100 na sitiroberi, wato kamar guda shida ko bakwai matsakaita, akwai bitamin C wajen miligiram 59, ya ɗan ɗara na lemon zaƙi. Babban mutum yana buƙatar tsakanin 75 da 90 a yini. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗan ruwa ne, sukarinsa wajen giram 5 ne kacal, kuma yana da harzar da ke tafiyar da ciki da kuma sinadarin folet da jiki ke buƙata wajen gina jini. Bitamin C yana taimaka wa rauni ya warke, yana ƙarfafa dasashi, yana kuma taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurinmu, inda ƙarancin jini ya yi wa mata da yara yawa.

Jan launin nasa daga wasu sinadarai ne da ake kira antosayanin. Su ne suke ba buluberi shuɗinsa. Kuma danginsu ne suke ba zoɓo jansa, da bawon jar albasar Aliero.

Da gaske yana kare zuciya?

Akwai wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Circulation a 2013. An bi mata ma'aikatan jinya 93,600 a Amurka tsawon shekara 18, aka ga waɗanda ke cin sitiroberi da buluberi sau uku ko fiye a mako, ciwon bugun zuciya ya yi ƙasa a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada da masu cinsa jefi-jefi. Labari ne mai daɗi, amma a fahimce shi daidai. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa berin kaɗai ne ya yi aikin ba. Mai hawan jini ya ci idan ya samu, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya ci gaba da shan maganinsa.

Mahaifiyata tana da ciwon suga. Za ta iya ci? Mai juna biyu fa?

Hajiya za ta iya cin 'yan ƙwayoyi, domin sukarinsa bai kai na ayaba ko mangwaro ko dabino ba, kuma ba ya ɗaga sukarin jini da sauri. Ɗanyensa nake nufi. Jam, da yogot mai zaƙi, da lemon kwalba mai hoton sitiroberi a jiki, waɗannan sukari ne zalla, yawancinsu ma ƙamshi da launi kawai aka zuba. Mai juna biyu ma za ta ci bayan an wanke shi da kyau, amma ba zai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta a wurin awo ba. Wasu mutane, musamman yara, yakan sa musu ƙaiƙayin baki ko ƙuraje. Idan an ga haka a dakata, idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya a garzaya asibiti.

An ce yana maganin ciwon daji.

Ba ya yi. Duk wanda ya sayar maka da garin beri ko ruwansa da sunan maganin daji ya cuce ka, kuma jinkirin da zai jawo maka kafin ka je asibiti ya fi kuɗin da ya karɓa illa.

Mu da ba mu da kuɗin sayensa, mun yi asarar wannan amfanin ke nan?

Ko kaɗan, kuma wannan tambayar tana taɓa mini zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganye a yini. Ba ta ambaci sitiroberi ba. Gwaiba ta ninka shi fiye da sau uku a bitamin C. Garin kwalba da nono, wato farin garin ɗan kuka da ake damawa, yana cikin abubuwan da suka fi kowane yawan wannan bitamin a ƙasarmu. Zoɓo marar sukari da yawa yana ba ka irin sinadaran launin da ake yabon beri da su.

Sannan muna da namu ƙananan 'ya'yan itacen, waɗanda muka tashi muna cika aljihu da su a hanyar makarantar allo: magarya, kurna, kanya, ɗinya, tsada, da faru mai nono-nono kamar inabi da ke nuna a farkon damina. Ɗinyar da ke baƙanta mana harshe, kakanninmu har maɗi suke yi da ita. Yau idan ka bi hanyar Zuru ko ta Kamba za ka ga kututturan waɗannan itatuwa an sare an yi gawayi, alhali muna kallon hoton na Turai a waya muna haɗiyar yawu. Wannan yana yi mini ciwo.

Ga mai neman abin kasuwa da ya dace da ƙasarmu, ina nuna masa magaryar aure, wadda maƙwabtanmu na Nijar ke kira tuffar Sahel. Iri ne na Indiya, irin su Gola, da ake ɗaura reshensa a kan gindin magaryarmu ta gida, kuma cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa shi. Ɗansa ya ninka na daji sau da yawa, yana da ƙarau-ƙarau a baki da bitamin C mai yawa, itacen ba ya tsoron bazara, kuma ɗan yana jure kwando da hanya. Inabi ma yana yi a arewa. Manoman Kudan a jihar Kaduna sun nuna haka.

Yaya ake wanke shi kafin a ci?

Sai za a ci ake wankewa. A zuba shi a matsami a kwarara masa ruwa mai tsabta, sannan a cire hular, ba kafin ba. Ba a sa sabulu. Tsabtar tana farawa ne tun daga gona: ruwan da aka yi ban-ruwa da shi, da hannun mai tsinka. A 2012 a ƙasar Jamus, mutane wajen 11,000, yawancinsu 'yan makaranta, sun kamu da amai da gudawa daga daskararren sitiroberin da aka shigo da shi. Don haka manomi kada ya ja ruwan kwata ko na kududdufin da ake bahaya a gefensa, ya kuma ajiye buta da sabulu a bakin gona.

Idan zafi ya shigo a Maris, ya zan yi da shukar? Sai na sake saye baɗi?

Yawancin waɗanda ke kan kunya a fili ba za su ga ƙarshen Afrilu ba, kuma waɗanda suka tsira damina za ta gwada su da ruɓa. Idan kana son ka rage kuɗin dashe, tun a ƙarshen Fabrairu ka zaɓi shukoki masu lafiya waɗanda suka fi haihuwa, ka sa musu alama da tsinke. Ka cire su da ƙasarsu ka mayar cikin leda ko tsohon bokiti mai huji, ka jera su a ƙarƙashin mangwaro ko rumfar zana inda rana ba ta dukansu sai da safe, a kan benci ko bulo don kada ruwan damina ya kwanta musu. Ruwa safe da yamma a bazara. Idan damina ta zauna za su fara miƙa yaɗo, sai ka ajiye 'yar leda cike da ƙasa a ƙarƙashin kowace gaɓa, ka danne ta da ɗan lanƙwasasshen tsinke. Bayan mako uku zuwa huɗu ta yi saiwa, ka yanke ta daga uwar. Daga cikin guda 40 da na ajiye a ƙarƙashin mangwaron gidana, 14 suka kai Yuni, kuma 'ya'yansu ne na dasa kunya biyu da su a Nuwamban da ya biyo. Bayan shekara biyu ko uku irin yakan gaji ya tara cuta, a lokacin sai a koma Filato a sabunta.